Da Hannun Hagu Har Goronyo

Tursa, Laraba

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame sallar asuba, na hau bayan babur ɗin maƙwabcina munka nufi Rabah. Gero ya yi kai, raɓa na jiƙa mana ƙafar wando, gari shiru sai ƙarar babur. A aljihuna akwai ɗan kwalin da na zana faɗin ramin besin ɗin wanke fuska a kansa.

Ran Juma'a za a sallamo Inna, mahaifiyata, daga asibiti a Sakkwato, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Matar da tun tasowata ban taɓa ganin wani ya zuba mata ruwa ba, yau wata biyu ana wanke mata fuska tana kau da kai tana hawaye. Shi ya sa na kafa mata besin a banɗakinta, daidai tsayin mai zaune bisa kujera. Saura ƙarfen da ake ɗaurawa a ramin, wanda masu aikin famfo ke ce wa wes, da marfin da zai tare ruwan ɗumi. Kuma dole ya zama wanda hannun hagu kaɗai zai iya buɗewa ya rufe.

Rabah

Shida da kwata munka iso. Na sha kunu da ƙosai a tasha ina jiran a buɗe shago. Da anka buɗe, babu komi sai kan famfo da gam. Takwas daidai na shiga motar Wurno, mu shida a baya da buhun albasa.

Wurno

Tun daga gida na ƙudurta ba zan gwada marfi da dama ba, don haka na cusa ta aljihu. Mai shagon ya miƙo mini na roba mai sarƙa, na karɓa da hagu. Ya dube ni. Na danna, sarƙar ta zame mini. Ya miƙo wani mai murɗawa, na sake karɓa da hagu.

"Malam, mi ya samu damarka? Ko ba a koya maka ba gida?"

Wallahi sai da kunnuwana sunka yi zafi. Amma ta ina zan fara tallar ciwon uwata tsakiyar kasuwa? Na aje masa kayansa na fita, yana ta faɗa bayana. Gaskiyarsa, ni ma da haka zan yi.

Sha ɗaya saura motar Goronyo ta tashi. Fadama ta shimfiɗu kore shar, shinkafa na kaɗawa, balbelu tsaye cikinta. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, sai ga Inna da ƙuruciyarta, tulu a kai ba ta ko riƙe shi ba, tana tafe cikin shinkafar tana yi mini faɗan na ɓata riga. Ina ta binta ban cim mata ba. Direba ya taɓa ni.

"Tashi, Malam, shingen soja. Kai da wa kaka ta ba haƙuri cikin kwana?"

Goronyo

Bayan azahar anka nuna mini shagon wani dattijo, Baba Sahabi, tsohon mai aikin famfo. Na gaishe shi da hannu biyu, sannan na mai da dama aljihu, ina jiran wani faɗan. Ya tsaya yana kallona har na gwada marfi uku.

"Ɗana, wa ke kwance gida?"

Nan fa idona ya cika. Na gaya masa duka. Sai ya kai damarsa baya ya riƙe riga da ita, ya shiga tonon kwali da hagu shi ma.

"Besin ɗin shina da 'yar kafa daga sama, inda ruwa ka fita in ya cika?"

Na ce akwai.

"To wes mai tsaga zaka ɗauka, in ba haka ba ruwan ya rasa hanya. Marfi kuwa ga wanga, mai latsawa. Ba ya son yatsa, tafin hannu ya ishe shi."

Ya aza wes ɗin bisa zanen kwalina, ya yi daidai. Ya ɗaura shi ga wani tsohon besin a ƙofar shago, ya cika da ruwa. Munka zauna bisa benci muna kallo, girgije na wucewa cikin ruwan a hankali. Minti goma bai ragu ba ko kaɗan. Na latsa marfin, ruwan ya tafi. Na kwana wajen kawuna, don ba a bin hanyar bayan la'asar.

Gida

Alhamis ƙarfe biyu na iso Tursa, na ɗaura wes ɗin da marfinsa kafin magariba. Ran Juma'a da hantsi anka kawo Inna. Na zaunar da ita gaban besin, na aje butar ruwan ɗumi, na buɗe baki zan yi bayani. Ta harare ni. Ta kai tafin hagunta, ta latsa marfin, ya ce ƙyas. Ta karkata butar, ruwan ya tsaya. Ta daɗe tana dubansa.

"To mi kaka jira? Fita ka ja mini ƙofa."

Na fita na ja. Na jingina da bango ina jin motsin ruwa daga ciki, ina gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, ina kuka kamar ba magidanci ba.