Ka Yi Maneji, Oga

Shekarun baya, in ana lissafin masu ƙarfin aiki a garin Maiduguri, daga injin niƙan bakin kasuwa sai ni. Shi ma injin don yana shan gas ne, ni kuwa da shayi da biredi nake tashi. Na sha bugun ƙirji a majalisa cewa ni gajiya a bakin mutane kawai nake jin ta, ban san kalarta ba. To jama'a, ku riƙa kula da bakinku. Ashe Allah yana ji, kamfani ma yana ji.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi can wajen Wulari, su taliya, sabulu da man girki. Mu biyar ne a ɓangarenmu. Ni nawa aikin sito ne, in buɗe, a shiga da kaya, a fita da kaya, in rufe. Akwai mai karɓar odar 'yan kasuwa ta waya, da mai tsara wace mota za ta wane gari, da mai kula da lebura, da mai janareto da ƙofa. Har lokacin zama muke samu a gindin dogon yaro muna gardamar ƙwallo.

Sai kasuwa ta ja baya, aka ce umarni ya zo daga sama a rage ma'aikata. Aka fara tsintar abokan aikina ɗaya bayan ɗaya kamar kaza tana tsintar gero. Duk wanda aka sallama, sai manajanmu, wanda kowa ke kira Oga, ya kira ni ofis ya miƙo mini makullinsa ya ce, "Riƙe wannan kafin a kawo wani." Wanin nan har na bar wurin yana hanya. Ina jin motarsa ce ta lalace a Potiskum.

Kafin ka ce kwabo na zama ni kaɗai, da damin makullai a ƙugu. In ina tafiya ƙara nake kamar tunkiya mai ƙararrawa, wandona ya karkace gefe guda. Waya a kunnen hagu, lebura suna ihu a kunnen dama, janareto yana tari a baya yana neman a kula shi. In na shiga banɗaki, nan ma a biyo ni a tsaya a ƙofa ana tambayar katan nawa ya rage.

Oga kuwa yana ciki, sanyin na'ura yana kaɗa shi. Kalma ɗaya Allah Ya ba shi, da ita yake maganin kowace cuta.

"Oga, aikin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

"Ka yi maneji."

"Oga, fankar sito ta mutu, ga zafin garin nan."

"Ka yi maneji."

Na tabbata ko zuwa na yi na ce masa, "Oga, na rasu jiya da la'asar," cewa zai yi in yi maneji zuwa ƙarshen wata.

A gida kuma, can unguwar Dala ta nan Maiduguri, na zama abin kallo. Wata rana matata ta ajiye mini tuwo ta shiga ɗauko ruwa, ta dawo ta tarar ina minshari, hannuna a cikin miya har wuyan hannu. Ta tashe ni ta ce, "Baban yara, wannan kamfani ko shi ya haife ka, ai ya ci a ce ya yaye ka haka nan." Na je wurin mai kemis ya auna jinina, ya kalli na'urar, ya kalle ni, ya girgiza ta ya sake aunawa, sannan ya tambaye ni ko da ƙafata na zo. Amma ina zan je? Yara suna makaranta, gidan haya ne, kuma waɗanda aka sallama kullum ina ganinsu a bakin titi suna gaishe ni da idon da ke cewa kai ka tsira. Aikin nan shi ne tukunyar gidana. Sai na ci gaba da yin maneji.

Akwai wani dattijon direbanmu, Babarbare haifaffen Yerwa, wato nan Maiduguri, muna ce masa Baba. Ni kuwa asalin gidanmu Fulanin Kano ne, irin waɗanda ba su taɓa tatsar saniya ba, amma hakan bai hana shi riƙe ni abokin wasa ba. Kullum ya gan ni sai ya gaishe ni da Barbarci ya ce, "Wushe, bawana, yau nono nawa ka sha?" Ni kuma in ce masa ya fara zuwa ya goge zanen fuskarsa tukuna.

Ranar da abin ya faru, wani babban ɗan kasuwa na Damboa ya bugo ya yi odar mota guda cike da kaya, yana so kafin ranar kasuwarsu. Ina cikin amsa shi janareto ya mutu, lebura biyu suka kama kokawa a kan layin lodi, Oga ya leƙo yana tambayar wa ya bar ƙofa a buɗe. Baba ya zo ya tsaya a kaina.

"Fillo, ina zan kai kayan nan?"

Na ce, "Damasak."

"Damasak ka ce?"

"Baba, Damasak na ce. Ko in rubuta maka a goshi, tunda dama akwai layi?"

Ya yi dariya ya hau mota. Ga wanda bai san ƙasarmu ba, Damboa tana kudu, Damasak kuwa tana can arewa, ka yi tari a ji ka a Nijar. Kuma a lokacin ba hanya ce da za ka juyo yadda ka ga dama ba, sai ka jira ayari da rakiyar jami'an tsaro, ga waya ba ta shiga. Taliyar mutane ta tafi yawon buɗe ido, ta kwana, ta sake kwana, ta dawo ta sha rana. Har gobe ina nan a kan bakana: wanda ya raɗa wa garuruwa Damboa da Damasak da Damaturu, duk da Dam a gaba, bai yi tunanin mutumin da ke aikin mutum biyar ba.

Ɗan kasuwar nan ya zo da kansa, ya zazzage wa Oga kwandon faɗa da Barbarci da Hausa, ya ce ya bar sayen kayanmu. Yana fita Oga ya tara kowa a filin lodi, lebura da direbobi har da mai sayar da ruwa. Ya nuna ni da yatsa.

"Kun ga wannan? Malalaci ne. Ɗan aikin da bai wuce a yi shi da hannu ɗaya ya gagare shi. Zai tsaya nan ya ba kamfani haƙuri a gabanku. Kuma daga gobe duk motar da za ta fita gari, shi zai raka ta har tasha ya tabbatar da hanyarta."

Malalaci. Ni. Da furfurata, a gaban yaran da na girmi iyayen wasunsu. Kuma hukuncin laifin da yawan aiki ya jawo shi ne a ƙara mini aiki na shida.

Wallahi na tuna yara, na tuna mai gidan haya, har fuskarsa na gani. Amma hannuna ya riga ni yanke shawara, ya tafi ƙugu. Na kwance damin makullan nan, na fara zare su ɗaya ɗaya ina ɗora masa a tafin hannu.

"Oga, wannan na mai janareto ne, yana gaishe ka. Wannan na ɗakin waya ne. Wannan na ofishin motoci. Wannan na rumfar lebura. Wannan kuma nawa ne, na sito, shi kaɗai aka ɗauke ni in riƙe."

Sauran da suka rage a zoben ma na haɗa masa duka, don kada a ce na yi rowa. Oga ya dubi hannunsa, muryarsa ta sauko ƙasa.

"To wa zai buɗe wurin nan gobe?"

Na gyara hulata, na ce, "Ka yi maneji, Oga."

Lebura suka kwashe da dariya har wani ya zauna a kan buhu. Na fita ƙofa ina taku kamar ango, wandona ya miƙe tsaf a karon farko cikin watanni. Na tari Keke Napep har Dala. Sai da na tsaya a ƙofar gida, na tarar da kwaɗo a rufe, matata ta tafi barkar suna, na laluba ƙugu, sannan na gane har makullin gidana na ba Oga. Maƙwabcina ya ce in koma in karɓo mana. Na ce ko a titi zan kwana. Na ari guduma na fasa kwaɗon.

Ba zan yi muku ƙarya ba, watannin da suka biyo baya sun gasa mu. Mun ci tuwo da miyar da sai ka yi mata kyakkyawan zato kafin ka ce akwai mai a ciki. Matata ta sayar da 'yan kunnenta, yayana ya tallafa, na buɗe ɗan shago a unguwa ina sayar da irin kayan da na saba ɗauka. Yau shagon nan shi ke riƙe da gidana, makullinsa ɗaya ne tak, kuma jinina ya sauka har mai kemis ya daina yi mini kallon gawa.

Abin da na koya shi ne, jaki in bai durƙusa ba, mai shi ba ya sanin kaya sun yi yawa, ƙari ma yake nema. Haƙuri abu ne mai kyau, amma akwai haƙurin da kai kake yi wani yana cin ladan. Ban taɓa nadamar ranar nan ba, kuma da za a mayar da ni filin lodin nan, abu ɗaya zan canza, zan fara cire makullin gidana.

Bayan wani lokaci sai ga Baba ya kawo mini kaya shago, don yanzu ni ma kwastoman kamfanin ne. Muka gaisa, ya tambayi shanun da ba ni da su, sannan ya ce ai bayan tafiyata mutum uku aka ɗauka. Nan take na miƙe na kira maƙwabtan shago.

"Ku zo ku ji da kunnenku! Mutum uku aka ɗauka kafin a cike gurbina. Baba, maimaita musu."

Baba ya kurɓi ruwan da na ba shi, ya goge gemu, ya ce, "Haka ne, bawana, uku ne. Ɗaya yana yin aikinka, biyu suna gyara ɓarnar da ka bari."