Baffa Sallau da Iskar Tayarsa

Duk wanda ya san Baffa Sallau ya san ba ya gaida mutum sai ya gaida tayarsa. Ko biki ne, ko suna, ko zaman makoki, in ka iso da abin hawa, kana miƙa masa hannu shi yana durƙushe yana danna maka taya da babban yatsa. In ta yi tauri ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, mutumin kirki." In ta lotsa ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Allah ya shirye ka." Gaisuwarka ta ranar ke nan. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Taya ba iska, namiji ba zuciya." A wurinsa rage wa taya iska ya fi zagin uwa.

Ni kaina saura ƙiris taya ta hana ni aure. Da yake mahaifina ya rasu, Baffa, ƙaninsa, shi ne waliyyina. Ranar da dangin Mudi suka zo neman aurena, ana zaune ana raba goro sai aka nemi waliyyi aka rasa. Ashe yana waje, ya tasa babur ɗin Mudi a gaba, lokacin Mudi yana zemijan, wato acaɓarmu ta nan Lome. Ya dawo fuska a murtuke ya ce, "Ba zan ba da 'ya ba. Tayar baya ta suɗe tas kamar gindin tukunya. Wanda bai tausaya wa taya ba, mace zai tausaya wa?" Mudi bawan Allah ya ruga kasuwa ya sa sabuwa, sannan aka ci gaba da magana. Duk unguwarmu ta Zongo ni kaɗai ce aka lissafa taya cikin kayan aurena.

To, zancen motar. Kun san Gwaggo Usaina, yayar Baffa, 'yar tagwaye ce. Tana ƙarama kakanmu ya taho da ita Lome fataucin goro, ya bar 'yar'uwarta Hassana wurin kakarsu a ƙauye can ƙasar Kabi. Sai tsufa ya cim musu ba su sake haɗa ido ba, sai dai murya a waya. Ga Hassana ta fara ciwo yau, lafiya gobe. Ƙauyen kuwa yana bayan wata fadama da motar haya ba ta shiga, sai dai babur, Gwaggo ga ciwon gwiwa. Rannan ta gama waya tana share hawaye da gefen mayafi, Baffa ya buga ƙirji ya ce, "Yaya, ni zan kai ki har bakin ɗakinta. Ba za ki taka ƙasa ba."

Ya je wajen tashar jirgin ruwa ya jawo wata tsohuwar kat-kat, irin motar dajin nan, jawowa fa, don da igiya ta shigo unguwa. Wata da watanni yana ƙarƙashinta. Ya canza mata sifirin, ya ɗaga ta sama, ya samo manyan tayu a unguwar Adidogome. Yara suna tsokanarsa da sunan kawu na Faransanci, "Tonton, yaushe za ta tashi sama?" Ya ce, "Ranar da ubanka ya biya kuɗin jirgi."

Ranar gwaji ya kwashe mu zuwa bakin teku a Bagida, wai yashi shi ne alƙalin mota. Ai kuwa alƙali ya yanke hukunci, ko nisa ba mu yi ba ta nutse har ciki. Masunta suka taru, wani dattijo cikinsu ya kira shi da sunan girmamawa na yarensu ya ce, "Fofo, rage iska kaɗan, da kanta za ta fita." Baffa ya zaro ido. "Ni na ce ka rage wa kwalekwalenka katako?" Ruwa yana matsowa, Mudi yana roƙo, ni ina salati. Ƙarshenta masuntan suka ɗaura mata igiyar taru, suka ja suna waƙa kamar sun kamo babban kifi. Baffa yana riƙe da sitiyari, inji a kashe. Da ta hau tudu ya leƙo ya ce, "Kun dai ga ƙarfin mota." Ladan masunta kuwa, sai da ya saye kifinsu kwano guda, muka yi ta cin kifi har kyanwar gida ta fara kawar da kai.

Kuna tsammani ya ɗauki darasi? Ya ɗauka mana: wai tayun ne suka yi ƙanana! Ya shigar da motar tsakar gida, ya samo wasu da suka kusa kai mini ƙugu, ya yanke ƙarfen gefe don su samu wurin juyawa. Ya kira mai walda ya like mata ragar ƙarfe a sama, ya ɗora safaya biyu da jarkoki da buhun gari. Mota ta yi tsawo har Gwaggo ba ta iya hawa, sai da aka aro tsanin mai gyaran wuta.

Ana cikin haka aka bugo waya cewa Hassana ta daina cin abinci, sunan Usaina kawai take kira. Aka sa tafiya washegari.

Da safe unguwa ta cika maƙil. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka tura Gwaggo ta hau tsani ta zauna kamar amarya. Baffa ya sha rawani, ya tayar da mota, ya nufi ƙofar gida. Sai ji muka yi ƙwam! Ragar sama ta daki simintin saman ƙofa. Jama'a, mutumin nan ya auna komai a duniya, ya auna fadamar da bai taɓa gani ba, bai auna ƙofar gidan ubansa ba!

Aka sauke safaya da jarkoki, ragar dai ta ƙi, ga ta a like. Wani ya ce a fasa simintin. Gwaggo ta leƙo daga sama ta ce, "Wanda ya taɓa ginin Baba sai na tsine masa." Baffa ya ce a haƙa ƙasa, aka tuna masa bututun ruwan layin gaba ɗaya nan ya bi. Kowa ya san maganin, kowa yana tsoron faɗa. Mudi ne ya yi ta maza ya ce, "Baffa, da an ɗan rage..."

"Rufe mini baki! Na san tun farko kai maƙiyin taya ne."

Rana ta take. Liman ya tafi ya dawo. Baffa ya ce, "Yaya, sauko ki sha inuwa, in yi tunani." Gwaggo ta ce, "Sallau, da tsani na hau, ba na sauka sai gaban Hassana. Tare muka zo duniya. In ta tafi ban gan ta ba saboda iska, iska dai, to ka riƙe iskarka."

Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum da dariyarsa sun haɗu mini lokaci guda kamar ranar ba. Baffa ya karɓi tsinken ashana, ya durƙusa gaban tayar gaba, ya shafa ta ya ce, "Ki yi haƙuri, ba halina ba ne." Fiiiii! Yana sace iskar hawaye na bin gemunsa. Haka ya bi su huɗu, kowace da ban-haƙurinta.

Aka gwada, saura kamar faɗin yatsa. Sai ya waiwayo ya dube mu matan gida ya ce, "Ku da kuka cinye mini kifi, yau ranar biya ce. Ku hau!" Muka ɗuru ciki, ni da masu tuwo da masu ƙosai na layinmu, mota ta yi ƙasa tana nishi, ta sulale ta fita. Guɗa ta kaure. Ya nuna ni ya ce, "Wannan ita kaɗai ma ta isa." Har ya bar duniya ban yafe masa wannan ba, kuma ya sani.

A waje ya ƙi mai faci, da famfon hannu shi da Mudi suka mayar da iskar, yana ƙirga wa tayun alkawari. Muka bi ta Sokode, muka ratsa Benin, muka shiga ƙasar Kabi. Fadamar nan kuwa, motar ta keta ta kamar ba komai, Baffa yana ihu, "Ina masuntan Bagida? Su zo su gani!" Ya tsaya daidai bakin ɗakin Hassana kamar yadda ya ce. Aka rasa tsani, sai turmi aka kifa. Tsofaffin nan biyu suka rungume juna, fuska iri ɗaya. A daren Hassana ta sha fura, har ta nemi ƙari. Ta ƙara shekara guda a duniya bayan nan.

Da muka dawo sai da aka sake rage iska kafin motar ta shiga gida. Ya mayar wa tayun iskarsu, ya ce ya gama zaluntar bayin Allah, motar ba ta ƙara fita ba.

Sai ranar da ya rasu. Kun tuna ruwan da aka kwana ana yi, hanyar maƙabarta ta zama kogi, motar gawa ta juya. Gwaggo ta ce, "Ga tasa nan." Ina daga cikin gida na hango Mudi ya durƙusa gaban tayar gaba da tsinken ashana. Ya shafa ta, na ga bakinsa yana motsi, na kuma san abin da yake ce mata. A nan ne kukan da na riƙe tun asuba ya ƙwace mini.

Allah, Baffa ya sauke girman kansa ya sada zumunci. Ka yalwata masa ƙofar da ya shiga, kada ta matse shi ko da faɗin yatsa. Ka kai shi har bakin ɗakin rahamarka. Amin.