Maƙalar da Yaya Haliru bai rubuta ba

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana, Malam Haliru, malamin aikin gona a jami'a, ɗan Wurno wanda digiri bai raba shi da fadama ba. Ni ce ƙanwarsa, kuma ni nake buga masa rubuce-rubucensa tun zamanin tafireta, don haka na san aikinsa fiye da yadda na san nawa. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai wahalar sha'ani a kan takarda. Jerin manazarta da ake sawa a ƙarshen maƙala, shi isnadi yake ce masa, kamar na hadisi. In ɗalibi ya rubuta cewa manoma sun ce kaza, sai ya ɗago tabarau ya tambaye shi, "Ga bakin wa kaj ji?"

Shekara biyu ya yi yana zirga-zirga tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo a kan rudu, wato rumfar kara mai rufin ciyawa da manomanmu suke adana albasa a ciki har ta yi daraja. Yana aunawa, yana ƙirga wadda ta ruɓe, ya dawo gida yana warin albasa, matarsa tana mita. Ana gab da gamawa ambaliya ta cinye rabin abin da yake aunawa. Abokan aikinsa suka ce ya cike gurbin da kintace, ai ya san abin da zai fito. Ya ƙi. Maƙalar ba ta fita ba, ƙarin girman da yake jira ya wuce shi, ya rasu bai zama farfesa ba. Lokacin da ya ƙi ɗin na ji haushinsa ƙwarai, kuma na faɗa masa.

Watan jiya ɗansa Bashiru, wanda shi ma yanzu malamin jami'a ne, ya kawo mini maƙalarsa in duba kafin ya aika wa wata mujallar bincike. Da ita yake sa ran ƙarin girma bana, kuma lokaci ya ƙure. Turancin sumul, ko ubansa bai iya irinsa ba. Ina cikin karatu sai na ci karo da jimlar da ta ce manoman Goronyo suna ajiye albasa cikin ruɗani, ba su san abin da suke yi ba. Na tambaye shi inda ya samo wannan. Ashe hirar da ya yi da manoma a waya ya rubuta ta, ya ba wa manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira ta fassara ta tsara masa. Manomi ya ce yana sa albasa cikin rudu, ita kuwa ta ɗauka ruɗu yake nufi. Na yi dariya har da hawaye.

Dariyar ta tsaya da na ga hujjar da aka kafa wa jimlar. Sunan Yaya ne, da kan maƙala mai daɗin ji a kan adana albasa, da lambar shafi, da shekarar bugu. Shekarar kuwa ta zo bayan an kai shi makwancinsa da shekara biyu. Na'ura ta rubuta masa maƙalar da ya ƙi rubutawa, ta kuma sa shi ya raina mutanen da yake cire takalmi kafin ya gaishe su.

Na nuna wa Bashiru wurin da yatsa. Ya karanta layin, sannan ya ce, "Gwaggo, da nig ga sunan Baba murna niy yi. Ban duba ba." Raina ya ɓaci, amma tausayinsa ya fi yawa. Yaro ne da ya yi kewar ubansa, aka miƙo masa shi a cikin takarda.

Ina yawan tunanin yadda Yaya zai yi da wannan zamani. Ba na jin zai tsani na'urar, don mutum ne mai son sabon abu, shi ya fara sayen kwamfuta a danginmu ko da yake ni ya bar wa wahalarta. Zai zauna ya yi ta hira da ita, ya yaba Turancinta, ya sa ta gyara masa jadawali. Amma ranar da ta kawo masa magana babu wanda ta ji daga bakinsa, zai sallame ta kamar yadda yake sallamar ɗalibi mai wayo.

Ban ce wa Bashiru ya janye maƙalar ba. Na dai faɗa masa cewa in ta fita, wasu za su kafa hujja da ita, ƙaryar ta haihu da sunan ubansa. Shi da kansa ya ce zai koma wurin manoman ya sake aikin tun daga farko, ko da bana ta wuce shi.

Yaya bai bar littafi ba, bai bar kujerar farfesa mai sunansa ba, kuma 'yan maƙalun da ya buga ba su cika aljihun tebur ba. Na daɗe ina ganin an yi asara. A ranar da ya kawo maƙalar, Bashiru ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarmata, ya nemo layin, hannunsa ya ɗan tsaya. Ina zaune ina kallon ɗa yana goge sunan mahaifinsa, kuma ban taɓa ganin ya yi masa biyayya kamar ta wannan rana ba.