Hannun Malam Haka-ne

Duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa ya san dalilin da ya sa ake ce masa Malam Haka-ne. Shagon askinsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. A ciki akwai kujera mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa hagu, da madubi mai tsaga a kusurwa, da benci na masu jiran layi. Ba a taɓa jin ya musa wa kowa a ɗakin nan ba. In ka ce bana za a yi ruwa, haka ne. In na bayanka ya zauna ya ce fari za a yi, wallahi haka ne. Shi a wurinsa wannan ba munafunci ba ne, sana'a ce. Tun yana saurayi maigidan da ya koya masa aski ya ja masa kunne, cewa mutumin da ya miƙa maka wuyansa kana riƙe da aska ba a yin gardama da shi. Ya riƙe maganar har furfura ta fito masa.

Kilifa, wato injin aski, kowa ya iya, in ji shi. Abin da ke jawo masa mutane daga wasu unguwanni shi ne gyaran fuska. Zai shafa kumfa, ya ja fatar kumatu da babban yatsa, askar ta bi ta wuce ba ka ma san an taɓa ka ba. Akwai masu yin barci a hannunsa har da munshari. Ranar da aka raba shi da aska an raba shi da shagon, kuma shi kansa ya san da haka.

Ciwon da ya zo ya kama shi ta ƙafa ya shigo. Yana da wa a bayan gari mai kiwon awaki, wanda ba ya yarda kowa ya taɓa masa kai sai ƙanensa. Wata rana ya je ya yi masa aski a gindin bishiya, cikin ciyawa har gwiwa. Da aka kwana biyu sai matarsa ta hango wani baƙin abu manne a bayan gwiwarsa, ya sha jini ya yi tim. Kaska ce. Ta cire ta, suka yi ta dariya, ta ce ita ma kaskar ta gane gidan da ba a hana kowa komai. Daga baya wurin ya yi ja, jan ya faɗaɗa ya zama zobe, zazzaɓi ya biyo baya. Aka ba shi magani a asibiti, ya sha ya gama, zazzaɓin ya tafi abinsa.

Sai dai ba duka aka tafi ba. Wata rana zai tashi garau, ya yi aski har yamma yana 'yar waƙarsa. Wata ranar kuma ya farka yatsunsa sun sandare kamar aro su aka yi masa, gwiwa tana ciwo, ga gajiya irin ta wanda ya kwana yana dako. Har sunan abokin cinikin da ya shekara da shekaru yana yi wa aski yakan ɓace masa, ya tsaya yana ce masa "mutumina". Matarsa ta raɗa wa irin waɗannan ranaku suna ranar kaska. Abin ba ya sallama in zai zo, ba ya sallama in zai tafi, kuma ya ƙi ƙarewa har shekara ta zagayo.

To, Allah ya yi shi da sa'a, ko kuma akasin haka, cikin masu zuwa shagonsa akwai likitoci biyu. Tare suka yi karatu, kuma tun a can ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Dogon Likita yana zuwa ranar Asabar. Likita Mai Sanƙo, wanda gashin kansa bai kai a kunna masa kilifa ba, yana zuwa ranar Laraba saboda gemu kawai.

Dogon Likita ne ya fara lura da yadda yake murza yatsu.

"Malam, ƙwayar cutar nan ba ta mutu ba," ya ce yana kallonsa ta madubi. "Ɓuya ta yi. Ka zo ka same ni, magani za ka daɗe kana sha."

"Haka ne, likita."

Ranar Laraba kuma Mai Sanƙo, wanda shi ya duba gwajin jininsa a babban asibiti, ya yi magana ta cikin kumfa.

"Babu sauran komai a jininka. An kori ɓarawo, ɓarnar da ya yi ce ta rage, ga kuma shekaru. Kada ka yarda wani ya ɗura maka ƙwayoyi. Tafiya za ka riƙa yi da safe, har bakin gada ka dawo."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya koma gida da shawara biyu, ya rasa wadda zai yar. In ya bi ta Dogo ya ci fuskar Mai Sanƙo, in ya bi ta Mai Sanƙo ya wulaƙanta Dogo, kuma dukansu mutanen kirki ne da suka daɗe suna miƙa masa wuya. Sai ya yi rabon adalci. Maganin Dogo yana shan rabi, tafiyar Mai Sanƙo yana yin rabi, in ya kai wajen masu faci sai ya juyo. Duk wanda ya tambaye shi jiki a cikinsu, amsa ɗaya ce: da sauƙi sosai, tun da na fara bin maganarka. Kowane likita ya tashi daga kujera yana murmushi, da fuska sumul da kuma tabbacin cewa shi ke da gaskiya.

Matarsa kuwa abin ya ishe ta. Ita ke jiƙa tawul a ruwan ɗumi tana nannaɗe masa hannu, ita ke saka masa maɓallin riga in yatsu sun ƙi.

"Baban yara, wai kai wane irin mutum ne? Rabin magani, rabin tafiya, to sauƙin ma rabi za a ba ka. Ka faɗa musu gaskiya mana."

"Haka ne."

"Kada ka haka-ne ni, ni ba aski na zo ba!"

Ya yi dariya, sannan ya dubi hannunsa. Can ya ce, "In na faɗa musu hannun nan yana ƙi, me kike tsammani za su ce? A nan ne kaɗai za su haɗa baki. Za su ce in ajiye aska."

Ta san tsoron da ke cinsa ke nan, ita ma yana cin ta. Ya ci gaba da dabarunsa. In ranar kaska ta kama, sai ya ce reza ta ƙare, ko ya ce yana da unguwa, ya rufe shago da wuri. Laraba da Asabar kuwa addu'a yake yi su zo masa da hannu mai kyau, kuma sun daɗe suna yi masa kara.

Ranar da asiri ya tonu Asabar ce, kuma tun da ya farka ya san ta kaska ce. Ya lallaɓa ya buɗe shago don kada Dogo ya zo ya tarar da ƙofa a rufe. Da Dogon ya iso, Malam Haka-ne ya riƙe kilifa da hannu biyu ya gama masa askin kai da ƙyar, yana cikin kakkaɓe masa wuya sai ga Mai Sanƙo ya faɗo, cikin sabuwar riga. Taro zai je ya yi jawabi, ba zai iya jiran Laraba ba.

"A'a! Kai ma nan kake zuwa?" in ji Dogo.

"Ni da na riga ka. Tashi ka ba manya wuri."

Dogo ya koma benci, ya ƙi tafiya. Mai Sanƙo ya kishingiɗa, aka yafa masa ƙyalle, aka shafa kumfa. Malam Haka-ne yana ta jan lokaci, yana goga kumfa a inda ya riga ya goga.

"Ka ga mutumin nan?" in ji Dogo. "Da ka gan shi bara ba za ka gane shi ba. Maganina ne ya tashe shi. Ko ba haka ba, Malam?"

"Haka ne, likita."

Mai Sanƙo ya ɗago kai, kumfa har kunne. "Wane magani? Mutumin da na hana shan komai? Tafiya ce ta warkar da shi. Malam, faɗa masa."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Wani dattijo da ke jiran layi ya fashe da dariya har da buga ƙafa. Likitoci suka kaure da gardama, wannan yana kawo abin da ya karanta, wancan yana cewa waɗanda suka rubuta ma ba su yarda da juna ba. Daga ƙarshe Mai Sanƙo ya duba agogo, ya mayar da kai baya, ya ɗaga haɓa.

"Bar shi da surutu. Aske ni, ya ga hannun da na gyara."

Malam Haka-ne ya ɗauki aska. Ya ja fatar da babban yatsa kamar kullum, ya kai bakin askar kusa da maƙogwaro. Yatsun suka ƙi rufuwa a kan ƙotar. Ya matsa, sai hannun ya soma rawa, kaɗan dai, amma shi ya gani. A ƙarƙashin kumfar yana ganin jijiyar wuyan mutumin tana bugawa, mutumin kuma ya rufe ido ya saki jiki, kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Zai iya gwadawa, wataƙila ma a wuce lafiya.

Sai ya naɗe askar, ya ajiye ta a gaban madubi.

"A'a, likita. Ba haka ba ne."

Mai gyaran waya da ya leƙo kallon gardama ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin wannan kalma daga bakin nan ba.

Malam Haka-ne ya zauna a bakin benci ya faɗa musu komai: rabin magani, rabin tafiya, ranakun da ake saka masa maɓalli, rezar da ba ta taɓa ƙarewa da gaske ba. Ya miƙa musu hannun suka ga yadda yake.

"Ban san wanda ke da gaskiya a cikinku ba. Ni dai na san hannun nan wata rana nawa ne, wata rana ba nawa ba. Yanzu sai ku ce in rufe shago."

Dogo ya kama hannun yana lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Mai Sanƙo ya share kumfar da ƙyallen.

"Wa ya ce ka rufe shago?" in ji Mai Sanƙo. "Kai ka hana mu aikinmu. Ta yaya za mu yi maka magani kana ba mu amsar aski?"

Haka ya tafi taronsa da gemunsa, yana ƙanshin sabulu.

Kada a zaci daga nan suka shirya. Har yau Dogo yana cewa ƙwayar tana nan, Mai Sanƙo yana cewa ta daɗe da mutuwa. Abin da ya canja shi ne yanzu gardamar a kan gaskiya ake yin ta. Suka hana shi rabin magani, suka ce ya fi komai haɗari. Suka tura shi wajen wata likitar gaɓoɓi, ita ma ta zo da nata ra'ayin, aka zama uku. An dai samu abin da ke rage masa ciwon, ba a samu mai raba shi da shi ba. Matarsa ta sa aka ƙera masa doguwar kujera don ya riƙa aiki a zaune. Masu zuwa kuma suka koyi tambaya tun daga bakin ƙofa: "Malam, yau ta aska ce ko ta kaska?" Sai ya ɗaga hannu ya dunƙule ya buɗe, ya faɗi abin da ya gani. Wasu sun koma wani shagon, ba a rasa ba, kuma abin ya yi masa zafi.

Da sanyi ya shigo sai ranakun kaska suka jeru, mako bayan mako, aska tana kwance a aljihun tebur. Kowace Laraba Mai Sanƙo zai zo, ya yi tambaya, a ce masa yau ma babu, ya zauna a benci ya yi hira ya tafi. Gemunsa ya tsiro, ya yi buzu-buzu, fari da baƙi, har ma'aikatan asibiti suka fara tambaya ko lafiya.

"Likita, don Allah ga shago can a bakin titi, ka je a rage maka," in ji Malam Haka-ne.

"Ni na ce maka ina neman shago?"

Wata Laraba da safe Malam Haka-ne ya farka, ya dunƙule hannu ya buɗe, ya sake dunƙulewa. Ya saka maɓallin rigarsa da kansa tun daga sama har ƙasa, matarsa tana tsaye da tawul ɗin da ta jiƙa, tana kallonsa. Da Mai Sanƙo ya iso bai ma kai ga tambaya ba, ya ga askar a buɗe a gaban madubi. Ya zauna, aka rage gemun da almakashi, aka shafa kumfa. Ya mayar da kai baya, ya rufe ido, ya miƙa wuya.

"Ina nan a kan bakana fa," ya ce. "Babu komai a jininka."

Malam Haka-ne ya ja fatar da babban yatsa, hannun ya tsaya cak.

"Wannan kai da Dogo. Yanzu dai rufe baki, likita, aiki nake."