Hular kwanon da Yaya Sani ya bar mini a bakin kanal

Jama'a, yau na karɓi saƙo daga mamaci.

Tun da Yaya Sani ya rasu wata biyu da suka wuce ban taɓa kekensa ba. Yau Asabar na ɗauko shi, na bi hanyarmu ta bakin kanal, babbar magudanar ruwan nan, daga Agege har inda gidaje ke ƙarewa, gonakin rogo su fara. Can akwai wata Bayarabiya mai gasa masara, Iya Bose, wurinta muke hutawa duk mako. Ban sani ba na danna ƙararrawa sau uku, yadda yake yi.

Sai ga ta da gudu, masara biyu a hannu, tana "Alhaji mi!", wato Alhajina, yadda take kiran Yaya. Ta gan ni ni kaɗai, ta tsaya.

Ta ce, "Ina oga?"

Na ce, "Iya, Allah ya yi masa rasuwa."

Ta zauna a ƙasa daɓas. Ba wanda ya tuna ya gaya mata, har ni.

Can ta tashi, ta jawo leda daga ƙarƙashin tebur. Hular kwano ce sabuwa fil. Ta ce, "Ya ce in ɓoye sai Sallah. Ɗakinku ɗaya, in ya ajiye a gida za ka gani. Wai kai taurin kai, ba ka sa hula."

Shekara uku muna faɗa da shi kan sa hular kwano. Ina ce masa ta ragwaye ce.

Na sa ta a gabanta. Ta yi mini daidai, wallahi kamar an gwada.

Ban iya hawa keken ba. Turo shi na yi har gida, hular tana kaina.