Wayar da Ba Ta Faɗi Rasuwarka Ba

Ranar Talata, 7 ga Zulƙida 1387, Allah ya karɓi ran mijina, Malam Abdulghani magini, a gidan auna iska da ke kan dutse, gabas da Jidda. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ni sai ranar Asabar na ji, daga bakin Yahya direban motar ruwa.

Malam, shekara takwas da suka wuce babu komai a wurin sai awaki. Da jakuna kuka hau da duwatsun. Ka gina bangon a kewaye don kada iska ta sami kusurwar kamawa, kaurinsa kamu biyu, tagoginsa ƙanana. Da iska ta yaye rufin kwanon injiniyoyi har sau biyu, kai ka ce a bar ka ka yi rufin ɗaurin guga irin na kakanninka. Yana nan har yau. Sai suka riƙe ka kana hawa tsanin ƙarfe kana share musu na'urorin saman rufin, daga can kuma ka faɗo cikin hazo.

Duk wata in ka sauko unguwarmu ta Bani Malik, da rumman a aljihunka da ɗan littafin soyayya na Masar. Kana yi mini dariya don na ɗauki ginin naka tamkar fadojin da ke cikin littattafan, amma ba ka taɓa fasa sayo mini ba. Ka ce bayan aikin Hajji za ka kai ni in gani da idona.

Gidan auna iskar yana da wayar iska. Duk awa uku suna sanar da Jidda gudun iska da nauyin gajimare. Sun sanar ranar Talata, sun sanar ranar da suka binne ka, ina nan ina jiƙa shinkafar tarbarka. Yayanka Usman ya tambayi mudir, shugaban wurin, dalilin da ba a sanar da mu ba. Ya ce, "Wayar ta aiki ce. Shi ke nan."

Na roƙi a kai ni in ga inda kake kwance. An ce mace ba ta wuce shingen ƙasan dutsen.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarin da ban gani ba. Allah ya ba mahaifiyarka Inna A'i da 'yan'uwanka na Umdurman haƙuri. Kai ka iya yafiya, Malam. Ni ban kai can ba tukuna, kuma ban fara roƙon Allah ya kai ni ba.

Matarka,
Bashira