Turmin Ankon da Ya Tona Ni

Na bar Maradi da sunan namiji a fasfo, na zo Lyon karatu. Ɗakina yana unguwar Rillieux-la-Pape a gefen gari, hawa na shida. Da safe in sa wando in hau bas zuwa jami'a, in na dawo in kulle ƙofa, in ɗaura ɗankwali, in zama abin da na san ni ce tun ina shekara biyar. Mace. A gida ɗan daudu za su ce, su tofar da yawu, su wuce.

A shekarata ta biyu na buɗe shafi a intanet, wanda ake kira bulog, ina rubutu duk Juma'a. Da Hausa nake yi, don na nemi labarin irina da harshenmu har idona ya yi ja, ban samu komai ba sai zagi. Na rubuta ranar da mai sayar da burodi ta ce mini madam na fito ina rawar jiki. Na rubuta yadda nake tsayawa a ƙofar masallaci ban san wane sahu ne nawa ba. Hoto kuwa daga wuya zuwa ƙasa nake ɗauka. Masu amsa mini duk masu tsinuwa ne, kuma wallahi wasunsu ko rubuta tsinuwar daidai ba su iya ba.

Ina da ɗan baffa a Saint-Denis, can kusa da babban birnin ƙasar, injiniya, Yaya nake ce masa. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan, shi ya saya mini rigar sanyi ta farko. Da matarsa ta haihu, aka aiko da atamfar anko daga Maradi, shuɗiya mai zanen fitila, daidai matan dangi da ƙawaye. Bayan suna matar ta ba ni turmi ɗaya in kai wa wata ƙawarta a Lyon. Na je na tarar ƙawar ta tattara ta koma gida. Turmin ya yi wata uku a ƙasan gadona yana kirana. Ban taɓa sa ankon kowa ba a rayuwata, ni da kullum ake ba ni shadda a tura ni wurin maza cin tuwo. Na kai wa wani tela da bai san mu ba, ya yi mini riga da zane, na sa, na ɗauki hoto, na ɗora a shafi.

Kai, wautata! Na ɓoye fuska, na ɓoye suna, na manta cewa matanmu sun fi gane atamfa a kan fuska. A duk Lyon turmi ɗaya ne irinsa, kuma matar Yaya ta san hannun da ta danƙa wa.

Ana gobe Babbar Sallah Yaya ya kira ni. Gaisuwa gajera, ya ce in zo mu ci nama, in taho da kwamfutata zai duba wani abu. Washegari na hau jirgin ƙasa da murna, har da tsarabar alewa.

Da azahar na isa. Gidan na ƙanshin soyayyen nama. Ina cire takalmi na ji ya murɗa makulli ya sa a aljihu.

"Buɗe kwamfutar," ya ce.

"Yaya, ko ruwa ban sha ba."

Marin farko ya toshe mini kunnen hagu. Na biyu ya kai ni jikin bango. Ya zare bel ɗinsa, ya riƙe ta wutsiya, ƙarfen yana sauka a kafaɗata, a bayana, a ƙeyata. Yana duka yana cewa, "Ankon 'yata? Ankon sunan 'yata za ka sa wa wannan ƙazantar? Kai namiji ne ko ba namiji ba?" Na faɗi, ya bi ni da ƙafa a haƙarƙari. Na ji haƙorina ya tsaga leɓena, jini ya cika mini baki. Matarsa tana ƙofar kicin da jaririya a kafaɗa. Na kira ta, na ce, "Anti, don girman Allah!" Ta juya ta ƙara muryar rediyo.

Ya ja ni ta wuyan riga zuwa tebur, ya ce in goge shafin da hannuna. Na ce ba zan goge ba. Ban san inda na samo bakin ba. Ya kama yatsuna biyu na dama ya lanƙwasa su baya a hankali, yana kallon idona, har na ji ƙas. Ihun da na yi ni kaina ban gane muryar ba. Ya ce saura takwas, kuma in ya gama zai buga wa Innata waya a Maradi ya karanta mata komai layi-layi.

Na goge. Da hannun hagu na danna, rubutun shekara biyu ya tafi. Ya miƙo mini tsumma in share jinina daga tebur, na share. Matarsa ta ƙulla mini nama a leda, wai in tafi da rabona. Na karɓa, kun ji, har na ce na gode. Wannan godiyar ta fi dukan ci mini rai har yau.

A metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kowa ya sami abin kallo a takalminsa. A asibitin Lyon na ce daga bene na faɗo. Na naɗe atamfar na jefa a shara, na ce wa kaina ai babu asara, masu zagi kaɗai na rasa. Sati shida ban buɗe akwatin wasiƙun shafin ba.

Da na buɗe, wasiƙa ɗaya ce a ciki, an aiko ta kwana uku bayan Sallah. Mai ita ta ce daga Zinder take, shekararta goma sha tara, a gida sunan namiji ake kiran ta. Ta ce duk Juma'a tana zuwa shagon intanet, ta zaɓi kwamfutar lungu ta karanta ni, ba ta taɓa yin ƙarfin halin rubuto mini ba. "Yau na zo na ga babu komai," in ji ta. "Yayata, kin mutu ne? In ke da kike can kin kasa, ni ina zan sa kaina?"

Na rubuta mata da hannu ɗaya, ina kuka kamar uwata ce ta rasu. Na ce ina nan da raina, kada ta yi komai, ta jira ni. Na sake aikawa washegari, na sake bayan sati. Na buɗe sabon shafi, yatsuna suna ɗaure, na sa kiranta a layin farko, na bar shi nan shekara da shekaru. Ba ta taɓa amsawa ba.